Gado da Ciwon Sukari: Me Gwajin Jini Zai Iya Gaya Mana?

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai da ma'aikata a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, Wudil



Gabatarwa

Ina godiya ƙwarai da gayyatar da aka yi mini in zo Wudil in yi magana a kan al'amarin da ya taɓa gidaje da yawa. Bari in fara da faɗin abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Kwanakin baya wani saurayi, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya same ni a asibiti da takardar gwajin aure a hannunsa. An gwada shi, an gwada yarinyar, shi AA ita AS, watau ta fuskar sikila babu abin da zai hana. Amma sai ya ce mini, "Likita, mahaifinta yana da ciwon sukari har an yanke masa ƙafa, kakarta ma da shi ta rasu. Babu wani gwaji da za a yi mata a gane ko tana ɗauke da shi, kamar yadda aka yi na sikila?" Na lura cewa in amsata ba ta gamsar da shi ba, auren nan yana iya rushewa.

Tambayar tasa tana bisa hanya. Mutanen Kano sun waye da gwajin sikila, balle tun watan Mayu na 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Wanda ya ga ɗigon jini ya bayyana abin da ke ɓoye a zuriya, dole ya yi zaton kowace cuta ta gado haka take. To, gwajin ƙwayoyin gado na ciwon sukari yana nan. Sai dai ga mafi yawan mutane, abin da zai faɗa bai kai abin da tarihin gidansu da awon sukari na yau da kullum za su faɗa ba. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da gwajin yake iya sauya musu magani gaba ɗaya. Aikina a yau shi ne in rarrabe tsakanin waɗannan biyu.

Ciwon da Ire-irensa

Duk abincin da muka ci mai gari, ko tuwo ne, ko fura, ko shinkafa, ko gurasa, jiki yana narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini. Sukarin nan ba ya iya shiga cikin tsoka ya zama ƙarfi sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, da likitoci ke kira fankiriyas, take samarwa. In insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Daga nan sai yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama. In aka daɗe a haka sai ya ci ido, ya ci ƙoda, ya kashe jijiyoyin ƙafa, ya kawo gyambon da ba ya warkewa ko shanyewar ɓarin jiki.

Manyan ire-irensa biyu ne. Iri na ɗaya ya fi kama yara da matasa, inda garkuwar jiki da kanta take hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da wannan iri ba ya daɗewa a duniya. Iri na biyu shi ne na manya, shi ne kuwa na mutum 9 cikin kowane 10 masu ciwon. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka ta kudu da Sahara, fiye da rabin na Afirkan kuwa ba su san suna da shi ba. A nan Nijeriya, binciken ƙasa na 1992 ya sami kashi 2.2 cikin ɗari. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka sami kashi 5.77 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 3.

Yadda Gado Yake Tafiya

Ba a Wudil za a koya wa mutane cewa akwai gado ba. Duk wanda ya shiga kara ran Juma'a ya ga Bafillatani ya dubi maraƙi ya ce wannan Bunaji ne, wancan Rahaji, wancan kuma Bokoloji, ya san makiyayi ya daɗe da sanin cewa kama da hali suna bin jini. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne gano inda aka rubuta wannan gado. A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu zaruruwa 46, an jera su biyu-biyu, watau tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jikinsu ne sinadarin DNA yake, wanda aka gano siffarsa a 1953. Rubutu ne mai haruffa iri 4 kacal, amma tsawonsa ya kai harafi miliyan dubu 3, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. An fara aikin karanta shi a 1990, aka ba da sanarwar kammalawa a 2003.

Sikila tana da sauƙin gwadawa domin harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gado ɗaya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da SS, ko a birni aka haifi yaron ko a ƙauye, ko me zai ci. Ciwon sukari iri na biyu ya saɓa da haka. A 2006 masu bincike a ƙasar Aisilan suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TCF7L2, wanda har yau yana cikin mafiya ƙarfi a sauye-sauyen da suka yaɗu cikin mutane. Duk da haka, wanda ya gaji sauyin daga ɗayan iyayensa, haɗarinsa yana ƙaruwa ne da wajen kashi 40 na abin da yake da shi a da. Alal misali, in da ma rabonsa 10 ne cikin ɗari, sai ya koma wajen 14. A 2024 kuma aka buga wani babban bincike da ya duba mutum fiye da miliyan 2 da rabi, aka sami wurare 611 a jikin zaruruwan nan da ke da hannu a ciwon, kowane da ɗan abin da yake ƙarawa.

Ku ɗauki misalin kwalekwalen masu yashi a kogin nan da ke ƙarƙashin gada. Wani kwalekwalen an sassaƙa shi da zurfi, wani kuwa bakinsa kusa da ruwa yake tun daga hannun masassaƙi. Wannan shi ne gado. Yashin da ake zubawa kwano-kwano shi ne ƙiba, da zama wuri ɗaya, da lemon kwalba, da shekaru. Mai ƙaramin kwalekwale yana iya ƙetarewa lafiya in ya san iyakar lodinsa, mai babba kuma yana iya nutsewa in ya yi haɗama.

Shaida Daga Sakkwato

Kada ku zaci wannan zance ne na fatar baka. Dakta Anas Sabir na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsa sun auna Fulanin da ke zaune a birnin Sakkwato, suka buga sakamakon a 2011: kashi 4.6 cikin ɗari suna da ciwon sukari. A 2013 suka buga na Fulanin karkara a jihar, suka sami ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Asali ɗaya ne, amma wanda ya ajiye sanda ya hau kujera, ya bar tafiyar ƙasa ya koma babur da mota, haɗarinsa ya ninka sau biyar ko fiye. An ga irin wannan a wata ƙabila mai suna Pima. Waɗanda ke zaune a jihar Arizona ta Amurka, binciken da aka buga a 2006 ya sami kashi 38 cikin ɗari na manyansu da ciwon, 'yan'uwansu manoma da ke kan duwatsun Meziko kuwa kashi 7 ba su cika ba. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa a cikin zuriya biyu ko uku. Abinci da aiki ne suka sauya.

Wannan magana ta fi shafarmu, mu da ke cikin zauren nan. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya da masunta, mun gaji jikinsu amma ba mu gaji aikinsu ba. Daga gida sai ofis, daga ofis sai majalisa, ga shayi mai cokali huɗu na sukari safe da yamma.

Gwaji ko Tarihin Gida?

Yanzu akwai kamfanoni a ƙasashen waje da za ka tofa yawu a kwalba ka aika musu, su haɗa ɗaruruwan sauye-sauyen nan su ba ka maki, su ce haɗarinka kaza ne. Abin tambaya shi ne, me makin ya ƙara a kan abin da likita ya riga ya sani? An gwada wannan a garin Framingham na Amurka, inda aka bi mutum fiye da 2,000 har shekara 28. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa in an san shekarun mutum, da nauyinsa, da awon sukarinsa, da ko iyayensa suna da ciwon, to, ƙarin sauye-sauye 18 da aka gwada bai ƙara wani abin kirki ba. Makin yau ya fi na wancan lokaci kyau, amma har yanzu bai zama abin da likitoci ke dogara da shi a asibiti ba.

Dalili kuwa a fili yake. Tarihin gida ya ƙunshi jini, ya kuma ƙunshi tukunya, domin waɗanda suka haɗa uwa da uba galibi sun haɗa akushi. Binciken da aka yi a Turai ya nuna cewa wanda ɗayan iyayensa ke da iri na biyu, rabonsa na kamuwa a tsawon rayuwa ya kai wajen 40 cikin ɗari, in duka biyun ne kuwa yana kusantar 70. Ku lura da ɗaya gefen lissafin: a cikin 'ya'ya 10 na mai ciwon, wajen 6 ba za su kamu ba. Hausawa da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Iri na ɗaya ma haka ne. An san ƙwayoyin gadon da suka fi hannu a cikinsa suna kan zare na 6, wurin da ke kula da garkuwar jiki. Amma mafi yawan masu ɗauke da su ba sa kamuwa, kuma yara fiye da 8 cikin 10 da suka kamu babu mai ciwon a gidansu.

Inda Gwajin Yake da Amfani

To, yanzu mu zo ga 'yan kaɗan ɗin nan. Akwai ciwon sukarin da ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo shi, kuma a nan gwaji yana da ƙarfi irin na sikila. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira MODY, wanda Robert Tattersall da Stefan Fajans suka bayyana a tsakiyar shekarun 1970. Alamarsa ita ce a ga ciwon ya bi kaka, da ɗa, da jika, yana kama su tun kafin shekara 25, alhali ba su da ƙiba. Kowane ɗa na mai shi yana da rabo 1 cikin 2 na gado. Masu shi ba su wuce 1 ko 2 cikin ɗari na masu ciwon sukari ba, amma sau da yawa akan ɗauke su masu iri na ɗaya a ɗora su kan allura. In gwaji ya nuna sauyin yana ƙwayar HNF1A, ƙaramin awo na ƙwayar sha irin gliclazide yakan wadatar da yawansu shekara da shekaru. In kuwa yana ƙwayar GCK, galibi ba sa bukatar magani ko kaɗan, sai dai a kula da mace in ta sami ciki.

Na biyu shi ne na jariran da ciwon ya kama kafin su cika wata 6. A 2004 Farfesa Andrew Hattersley da abokan aikinsa a Exeter ta Ingila suka gano cewa da yawansu ƙwayar KCNJ11 ce ta sami matsala: insulin yana nan a jiki, ƙofar fitarsa ce ta ƙi buɗewa. A 2006 suka ba da rahoton mutum 49 masu wannan sauyi, 44 daga cikinsu suka bar allura suka koma shan ƙwaya, sukarinsu kuma ya fi daidaituwa. Wasunsu tun suna cikin zanen goyo ake yi musu allura. Har ila yau, binciken da wannan cibiya ta buga a 2015 a kan jarirai 1,020 daga ƙasashe 79 ya nuna cewa a gidajen da iyaye 'yan'uwan juna ne, ƙwayoyin gadon da ke kawo ciwon sukan zama dabam. Mu da muke da auren zumunci, ya kamata likitocinmu su riƙa tambaya.

Ina Muke a Cikin Wannan Ilmi?

Akwai wani abin da ya wajaba ɗalibanmu su sani. A ƙididdigar 2016, mutum 8 cikin 10 na waɗanda aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, masu asalin Afirka kuwa wajen kashi 3 cikin ɗari, alhali mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Saboda haka makin da aka gina a kan jinin Bature ba ya auna Bahaushe daidai. Wani ɗan Nijeriya, Farfesa Charles Rotimi, ya daɗe yana yaƙi da wannan giɓi. A 2019 shi da Dakta Adebowale Adeyemo da sauran abokan aikinsu suka duba mutum fiye da 5,000 daga Nijeriya da Gana da Kenya, suka gano hannun wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da binciken Turai bai gani ba. Tun 1968 ma Farfesa Kwaku Adadevoh ya bayyana a Ibadan wani ciwon sukari da ke kama manya da tsanani, sa'an nan ya lafa har su bar allura na wani lokaci. Ashe ciwon namu yana da nasa halin, kuma ba wanda zai bincika mana shi in mu ba mu yi ba.

Bugu da ƙari, gado yana iya ruɗa awon sukarin kansa. Akwai gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3 ta hanyar jajayen ƙwayoyin jini. Wajen ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, wasu na'urorin kuwa ba sa ba da awo daidai ga mai AS, ga mai SS kuwa ba a dogara da gwajin. Haka nan ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma, yana sa awon ya fito ƙasa da gaskiya, kamar yadda binciken 2017 ya nuna. Don haka in za a yi muku wannan gwaji, ku gaya wa likita ko ku AA ne, ko AS, ko SS.

Sirri da Amana

Ga ma'aikatan Gwamnati da ke nan, ga wani gefe da ya shafe ku. Sakamakon gwajin gado ya shafi mutum, ya shafi 'ya'yansa da 'yan'uwansa da ba a nemi izininsu ba. Kamfanin 23andMe na Amurka, wanda ya sayar wa miliyoyin mutane gwajin yawu, an kutsa cikin bayanan mutum kusan miliyan 7 na abokan cinikinsa a 2023, a watan Maris na 2025 kuma ya shiga kotu a kan karayar jari. Amurka ta kafa doka tun 2008 da ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki ko a hana shi inshorar lafiya saboda ƙwayoyin gadonsa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan gado cikin waɗanda ke bukatar tsaro na musamman. Doka dai takarda ce, mai riƙe da fayil shi ne zai raya ta ko ya kashe ta.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Na farko, kowa ya zauna da dattawan gidansu ya tambaya: wa ya yi ciwon sukari, yana da shekara nawa ya fara, allura yake yi ko ƙwaya? Wannan bincike ba a biyan ko kwabo.

Na biyu, a auna sukari da safe kafin a karya. In awon ya kai 126, watau 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita ya tabbata, to, ciwo ne. In ya tsaya tsakanin 100 da 125, gargaɗi ne. Shawarar ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka tun 2022 ita ce kowa ya fara awo daga shekara 35, ya maimaita duk shekara 3 in ya fito lafiya. Mai ƙiba da ke da tarihin gida, da matar da sukarinta ya hau lokacin ciki, kada su jira wannan shekara.

Na uku, a rage lodi. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa, aka buga sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiya da sauri minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. Da aka koma aka duba masu ɗauke da sauyin TCF7L2 a cikinsu, sai aka ga ƙarin haɗarin nan nasu bai bayyana ba a wurin waɗanda suka sauya ci da motsi. Ga ma'auni mai sauƙi: ku ɗauki igiya daidai tsawonku, ku ninka ta biyu, in ba ta zagaye cikinku ba, tumbin ya wuce iyaka.

Na huɗu, a nemi gwajin ƙwayoyin gado a inda ya dace: jaririn da ciwon ya kama kafin wata 6, da gidan da ya bi zuriya uku tun suna matasa marasa ƙiba. Irin waɗannan a tura su ga ƙwararru a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano.

Kammalawa

Saurayin nan da na ba ku labari, abin da na gaya masa shi ne, babu takardar da za ta ce yarinyar nan za ta kamu ko ba za ta kamu ba. Haɗarinta ya fi na wadda ba ta da tarihin gida, wannan gaskiya ne, amma haɗari ne da za a iya ragewa, kuma ba dalilin fasa aure ba ne. Na ce ya kawo ta a auna sukarinta, shi ma a auna nasa, domin da na tambaye shi tarihin gidansu sai ya tuna ƙanen mahaifinsa ma yana da ciwon. Ga ɗaliban wannan jami'a kuwa, musamman masu karatun ilmin halitta da lissafi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ina roƙonku ku sa ido a wannan fage, domin jinin mutanen Wudil da Gaya da Garko yana jiran wanda zai karanta shi da ilmi da amana.